Ƙanƙarar Tafkin Ƙwai

Kai Sale, ajiye digar nan tukuna, ba guduwa za ta yi ba. Ku matso nan cikin inuwa. Tun shekaranjiya ku ukun nan kuke bi na wai in koya muku haƙar rijiya, kuma na ji abin da Habu ya faɗa a bayan idona, wai aikin ba wani abu ba ne, ƙarfi ne kawai da rashin tsoron rami. Ban ji haushi ba. Ni ma da wannan tunanin na je wurin maigidana, kuma a lokacin na fi Habu damtse.

Kun san ana ce mini Ilu Mai Ƙanƙara. Na san kuna zaton na taɓa tallan ƙanƙara ne a tashar Kiru lokacin azumi. Ban taɓa ba. Sunan nan sai da ya ci tafki guda da rijiya guda kafin ya zauna a kaina. Sai kun ji yadda aka yi kafin in bar ɗayanku ya sari ƙasa.

Maigidana Baba Ɗantani ne, mutumin Badafi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya maimaita magana. Rani biyu na yi a hannunsa ban shiga rami ba, sai dai leƙe daga sama. Aikina jan guga da zubar da ƙasa. Kuma ba zubarwa kawai ba, kowace ƙasa da tsibinta. Jar ƙasa nan, marmara can, rairayi daban, yumɓu daban. Ranar da na haɗa biyu wuri ɗaya, sai ya tako matakala ya fito, ya samu gindin bishiya ya zauna har sai da na tsince. Na ɗauka mugunta ce. Ashe so yake in iya karanta rami tun daga sama, in san abin da ke tafe kafin ya iso.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan a gabanku. Diga mai gajeriyar ƙota, don doguwa ba ta juyawa a cikin rami. Dagi. Guduma da ƙarfen fasa dutse. Guntun shebur, igiya, guga, da kura ta jan igiyar. Sai fitilar ƙwai. Na ga kuna murmushi, kuna cewa ai akwai tocilan a waya. Tocilan ba ya mutuwa don iska ta ɓaci, fitila kuwa tana mutuwa. Wata tsohuwar rijiya a ƙasar Bebeji aka kira mu yasa, mai gidan yana ta gaggawa wai jibi suna. Baba ya kunna fitila ya zura ta da igiya. Ba ta kai rabi ba ta mutu. Muka wuni muna zura damin ganyen darbejiya muna fizgowa, muna zurawa muna fizgowa, don mu motsa iskar. Mai gidan yana cewa wasa muke. Da yamma fitila ta kai ƙasa da ranta, sannan Baba ya shiga. Da tocilan ne da an yi suna da zaman makoki rana ɗaya.

Rijiyar farko da na shiga da ƙafata a wani ƙauye take a ƙasar Tudun Wada, ta wajen hanyar Doguwa. Ba zan faɗi sunansa ba, mutanensa suna nan da ransu kuma ba sa son zancen. A bayan ƙauyen akwai tafki, ana ce masa Tafkin Ƙwai, don in ka hau tudu ka dube shi kamar an ajiye ƙwai a kwance, kai ɗaya siriri, ɗaya mai faɗi. Da rani siririn kan yana bushewa, amma mai faɗin ba wanda ya taɓa ganin gindinsa. Shanun Fulani a nan suke sha har ruwa ya sauka. Mata suna lambun yakuwa da albasa a gefe.

Mutanen gari so suka yi a haƙa musu rijiyar a cikin busasshen kan tafkin, tunda ruwa a nan kusa yake. Baba ya ƙi. Mai unguwa na lokacin ya ce, "Malam Ɗantani, wahala muke rage maka."

Baba ya ce, "Ku bar mini wahalata."

Bayan sun watse ya ja ni cikin busasshen wurin, ya soka dagi ya zaro, ya nuna mini baƙin yumɓu da ya liƙe a bakinsa. Ya ce, "Ka ga wannan? Shi ne gindin tukunyar. Ƙarƙashinsa rairayi ne da tsakuwa, ba sa riƙe komai. Ko wa ya sa ka, ko me za a ba ka, ba ka huda yumɓun tafki." Iyakar abin da ya ce ke nan. Muka koma taki arba'in gangare, ya kafa turke, ya zana da'ira da igiya, muka fara. A gaba bakwai muka samu ido. Ya ce rijiyar gumin tafkin take sha, a hankali, muddin tafkin yana nan ita ma tana nan. Ruwanta fari, mai daɗi. Garin gaba ɗaya da ita ya dogara.

Daga nan na yi yawo. Na yi haƙa a Damagaram inda rairayi yake rufto maka kana tsaye, na yi a Lafiya inda ruwa yake tarar ka tun ba ka gama gaisawa da ƙasa ba, na yi Kwantagora, na leƙa har Garwa. Na dawo gida da furfura da suna. In ana neman wanda ya san ƙasa daga Kiru zuwa Doguwa, ni ake nunawa. Ku riƙe wannan, don shi ya kai ni.

Wani rani sai ga mota a ƙofar gidana. Wani malamin jami'a ne daga Kano, masanin ƙasa da duwatsu, kowa Dakta yake ce masa, ni ma haka. Mutum mai ladabi, sai da ya durƙusa ya gaida mahaifiyata kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya buɗe kwamfuta ya nuna mini hoton ƙasarmu da aka ɗauka daga sama. Ya ce, "Malam Ilu, ka san wannan?"

Na ce, "Tafkin Ƙwai ne. Ga rijiyarmu nan, ɗigon nan."

Ya nuna mini wasu kwaruruka huɗu ko biyar a kewayen, wasu ma an noma su, duk siffarsu ɗaya, duk siririn kansu yana kallon gefe guda. Na sha bin wuraren nan da ƙafa, ban taɓa lura ba. Ya ce yana so in haƙa masa ramukan gwaji, ya ga yadda ƙasar take jere.

Da muka je ƙauyen aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya. Ga mai unguwa, ɗan wancan na da, ga Arɗo Buba, shugaban Fulanin da ke shayarwa a tafkin, ga ni. Dakta ya yi bayani. Ya ce can a wata ƙasa mai sanyi, a ƙetaren teku, akwai irin waɗannan kwaruruka masu siffar ƙwai ba iyaka, su ma duk suna kallon wuri ɗaya. Wasu masana suna zaton a zamanin da, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin ƙasar, kaurinta ya fi tsayin duwatsun Riruwai, tauraro mai wutsiya ya faɗo ya doke ta. Ta tarwatse, manyan ɓaraguzanta suka yi sama suka faɗo can nesa, kowanne inda ya sauka ya bar kwari, siririn kan yana nuna inda ya fito.

Mai unguwa ya ce, "Ikon Allah. Mu da ƙanƙara kamar ƙwan zabo ta kashe mana gero bara, ina ga wannan."

Dakta ya ce, "Zato ne fa, ranka ya daɗe, ba a tabbatar ba. Masana da yawa ba su yarda ba, sun ce iska ce da ruwa suka sassaƙa su a hankali. Shi ya sa nake so in duba naku. Nan ƙanƙara ba ta taɓa rufe ƙasa ba. In na ga abin da ya yi naku, wataƙila ya taimaka a gane nasu."

Mai unguwa ya ce shi dai kakansa ya ce mutanen da ne suka ɗebi ƙasar gini a wurin. Arɗo yana jin su yana sassaƙa sanda. Da aka tambaye shi ya ce, "Wanda ya yi ramin ban sani ba. Amma wanda ya sa yake riƙe ruwa na san shi."

Dakta ya ce, "Wa ke nan?"

"Nagge. Tun kakan kakana shanu suke taka wurin nan kowane rani. Kofato ne ya daɓe shi. Rubuta wannan a littafinka, Dokta, kar tauraro ya cinye mana lada."

Aka yi dariya, Dakta kuwa ya rubuta da gaske.

To ga inda kaina ya karkace. Ku faɗa mini, ƙanƙara nawa kuka sani? Akwai ta sama mai kashe gero. Akwai ta firji. Mu mahaƙa muna da ta uku, farin dutsen nan mai ƙyalli da ake ƙyasta wuta da shi, shi ma ƙanƙara muke ce masa. Dakta yana faɗar ƙanƙara, ni kunnena na mahaƙi ne. Na ji dai ya ce ta ruwa ce, amma na ce a raina, abin da zai faɗo ya yi rami kamar wannan ai ba zai narke ya ɓace ba. Tun muna yara ake nuna mana gatarin aradu, a ce daga sama ya faɗo ya zama dutse. Sai na haɗa biyu na ɗaure: ƙanƙarar sama in ta daɗe a ƙasa ita ce take komawa ta dutse. Ban tambaye shi ba. Mutumin da ake nunawa daga Kiru zuwa Doguwa ba ya tambaya.

Aikin da ya ba ni mai sauƙi ne. Rami uku a kan gaɓa, ɗaya a cikin busasshen kan tafkin. Kowane kamu in ɗebi ƙasa in ƙulla a leda, in sa lamba. Na ce masa na cikin tafkin iyakata yumɓu, ba na wucewa. Ya ce ya yarda, hakan ma ya ishe shi. Ya kwana biyu tare da mu, sai jarrabawar ɗalibansa ta taso ya koma Kano, ya ce in kira shi in na gama.

Ramukan gaɓa ba su da labari. Na cikin tafkin na fara shi da sassafe. Taɓo busasshe, sai baƙar ƙasa mai ɓawon katantanwa, sai yumɓu. Yumɓu mai kyau, irin wanda in ka murza yake bin yatsa kamar man shanu. Na ɗebi ledata ta ƙarshe. Aiki ya ƙare a nan. Sai na ce bari in ji kaurinsa kawai, na soka dagi. Ya shige kamu ɗaya, kamu ɗaya da rabi, sai na ji ƙyas. Duk mahaƙi ya san wannan ƙarar. Na zaro, na ga farin gari a bakin ƙarfen.

Na tsaya a cikin ramin nan. Maganar Baba tana nan, ban manta ba, kar ku ce mantuwa ce. Na ce ai ni ne, na san yadda zan toshe. Na buɗe yumɓun faɗin faranti, na zura hannu har kafaɗa. Ƙanƙara ce zalla, fara sol, wasu kamar dunƙulen hannu, a shimfiɗe ƙarƙashin tafkin. Na cika rabin buhu. Sannan na mayar da yumɓun, na jiƙa, na daɓe da gindin guduma, na ƙara, na daɓe, har sai da na gamsu. Na rufe ramin tsibi tsibi yadda na buɗe shi.

A garin nan waya ba ta kamawa sai a wuri ɗaya, gefen teburin mai shayi a bakin kasuwa. Ranar kuwa kasuwa ke ci. Na je da buhuna a kafaɗa, taɓo har gira. Layin ba shi da kyau, sai da na ɗaga murya.

Na ce, "Dakta, na same ta. Ƙanƙarar da ta faɗo daga saman nan. Tana nan ƙarƙashin tafkin a shimfiɗe, ga rabin buhu a hannuna."

Sai na ji dariya, ba ta wulaƙanci ba. Ya ce, "Haba Malam Ilu, ba wannan ba. Ta ruwa nake nufi, ko da ta faɗo ai ta narke tun ba a yi mutane a nan ba. Wannan farin dutse ne, ruwa ne ya gangaro da shi daga tudu. Tsakuwa ce. Tsaya ma, ƙarƙashin tafkin ka ce? Ba mun ce iyaka yumɓu ba?"

Kunya ta kama ni. Na ce, "Na toshe, na toshe da kyau. Don Allah Dakta, maganar nan ta tsaya tsakaninmu, kar kowa ya ji."

Kun gane? Shi ya ji duka. Mutanen da ke kan bencin mai shayi maganata kawai suka ji, ban da tasa. Sun ji dutse ya faɗo daga sama, sun ji yana ƙarƙashin tafki, sun ji rabin buhu, sun ji kar kowa ya ji. Kuma sun ga mota daga Kano da kwamfuta. Mai shayin ya miƙo mini kofi ban tambaya ba, ya ce, "Malam Ilu, Allah ya sa mu a damshinku." Na ɗauka barkwanci ne. Na zazzage buhun a bayan rumfa don haushi na tafi. Kafin in kai inda na ajiye kayana an tsince shi tas.

Ƙasar nan ku sani ƙasar ma'adini ce. Mutanen wajen Doguwa sun gaji haƙar kuza, sun san dutse yana iya sauya wa mutum riga. Kwana uku aka yi, na huɗu da na dawo ɗaukar ledojin Dakta na tarar da mutane sun fi na kasuwa yawa a busasshen kan tafkin. Wasu na gari, wasu baƙi a kan babura da diga ɗaure a baya. Kowa ya zana nasa yana sara.

Na shiga tsakiyarsu. Na ce jama'a tsakuwa ce, wallahi tsakuwa ce, kuskure na yi. Wani dogo mai jan rawani ya ɗago daga rami ya ce, "To Baba mun ji. Tunda tsakuwa ce ai ba ka yi asara ba in mun ɗiba."

Wani ya ce, "Ya cika nasa buhun, yanzu ya zama mai wa'azi."

Na ja mai unguwa wurin mai shayi, na kira Dakta na sa masa wayar a kunne, ya yi masa bayani, mai unguwa ya fito ya faɗa. Suka ce ai dole su faɗi haka, bakinsu ɗaya. Duk rantsuwar da na yi sai ta ƙara wa ramukan zurfi. Mai unguwa ya kai magana gaba, aka turo a kore su, suka watse da rana, washegari suka dawo sun ninka. Da busasshen wurin ya ƙare sai suka kawo injinan ban ruwa suka fara zuƙe mai faɗin kan, suna bin ruwan suna haƙa.

Arɗo ya same ni a kan gaɓa. Shanunsa suna tsaye a bayansa, ba hanyar da za su bi su kai ga ruwa sai ta tsakanin ramuka, kuma ranar da ta wuce wata karsana ta karye a ciki. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ilu, kai da Ɗantani kuka haƙa rijiyar can, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne.

"Na tuna ranar da ya ƙi haƙa a nan. Ina yaro, ina riƙe da maraƙi. Kai kana riƙe da dagi."

Ya kaɗa shanunsa.

Masu haƙan ba su bari ba sai da wani dillalin duwatsu ya zo daga Jos, ya juya dutse ɗaya a hannu, ya jefar, ya tambaya ko akwai mai sayar da fura. A sati guda wurin ya zama ba kowa. Suka bar gindin tafkin kamar rariya, tsibin farin dutse ko'ina, yumɓun da aka tono ya bushe ya farfashe ya haɗe da rairayi.

Damina ta zo da kyau a shekarar. Tafkin ya cika har gaɓa, mutane suka ce to ga shi, Allah ya rufa asiri. Ni kuwa na kafa kara a bakin ruwa ina zuwa dubawa. Kafin a gama yankan dawa ruwan ya bar karan da taki goma. Kafin sanyi ya wuce aka ga gindin Tafkin Ƙwai, abin da tsofaffin garin ba su taɓa gani ba. Lambunan mata suka ƙone a tsaye. Rijiyar ta ƙara wata guda tana ba da rabin guga, sai ta koma taɓo.

Ni suka kira yasa, don ba wani. Na zura fitila, na shiga. Matakalar da na sassaƙa da hannuna ina saurayi suna nan, ƙafata ta gane su. Na ƙara gaba ɗaya, na ƙara rabi, sai fa, shimfiɗaɗɗen dutse baƙi wanda guduma take dawowa daga kansa. Ba ido, ba ko damshi. Ina tsaye a ƙasa sai inuwa ta rufe bakin rijiyar. Wata tsohuwa ce, Iya Abu, wadda ta dafa mana tuwo lokacin da muka haƙa ta. Ta leƙo ta ce, "Mai Ƙanƙara, ko ta narke ne mu kawo tulu?"

Matan da ke wurin ba su yi dariya ba. Sunan dai ya zauna. Tun daga ranar matan garin suke tafiya rafi, fita da hantsi dawowa azahar.

Dakta ya dawo, wannan kam ba zan ɓoye muku ba, bai gudu ba. Ya tsaya a gaɓa ya daɗe yana kallo, ya cire hula ya mayar. A gindin tsamiyar nan ya ba mai unguwa haƙuri, ya ce da bai zo ba da ba a yi ba. Mai unguwa ya ce, "To me ledojin suka ce? Ko ba komai mu san abin da muka saya."

Dakta ya ce bai ga alamar wani abu ya faɗo ba. Ƙasar a jere take lafiya, shimfiɗa kan shimfiɗa, ba inda ta hargitse. Ga alama ruwa ne ya fara kwarin, iskar rani mai zuwa daga gefe guda ta yi ta gyara masa baki, shi ya sa duk suke kallon wuri ɗaya. Na can ƙetare kuwa, ya ce, har yanzu ana gardama, nasa bai yanke ba. Sannan ya ce saman yumɓun ya fi ƙasansa tauri nesa ba kusa ba, kamar an daɓe shi da gangan. Ya waiga ya ce, "Ina Arɗo? Maganarsa ce ta fito."

Mai unguwa ya ce, "Arɗo yana wajen Tiga tun kaka. Sun tashi gaba ɗaya."

Dakta ya yi ta rubuce-rubuce ko za a samar musu burtsatse. An zo an auna, an ce dutsen ƙasan ya yi yawa. Har yau ana jira.

Rani biyu na yi ina toshe ramukan nan, ni da duk wanda ya ga dama a garin. Mu samo yumɓu a fadama a kan amalanke, mu jiƙa, mu zuba, mu daɓe da madaɓi, irin wanda mata ke daɓen ɗaki da shi. Mun toshe waɗanda muka gani. Amma wasu sun rufta sun ɓace a ƙarƙashin taɓo, kuma abin da kofato ya yi tun kakan kakan Arɗo ba hannun mutum goma ne zai yi shi a rani biyu ba. Na je har Tiga na same shi, na ce ya dawo da shanu su taka mana. Ya ba ni nono mai sanyi, ya ce, "Su taka su sha me?" Yanzu tafkin yana kai wa tsakiyar sanyi. Rijiyar tana tsatsafowa da damina, lokacin da ba a bukatarta.

Baba Ɗantani yana da rai a lokacin, ido ya tafi, yana zaune a zaure a Badafi. Na daɗe ban je ba. Da na je na gaishe shi, na fara ba shi labari tun daga motar Dakta, da tauraro mai wutsiya, da mai shayi, da masu babura, da dillalin Jos. Na jera masa duk wanda ya sa hannu. Ya bar ni har na gama. Sannan ya ce, "Kai ka huda yumɓun?"

Na ce, "Faɗin faranti ne, Baba. Kuma na toshe. Nawa bai zubar ba, na tabbata."

Ya ce, "Ka huda."

Ya nemi a miƙo masa butarsa. Ba mu sake zancen ba har ya rasu.

To kun ji. Habu, ba ka ce komai ba, kai da ka iya magana. Ku tashi. A'a Sale, na ce ba digar ba. Ga ramuka uku can bayan gidan, kowa da nasa, na haƙa su jiya iyakar ƙugu, ga ƙasar kowanne tsibi huɗu a gefe, ban haɗa ko ɗaya ba. Ku mayar da ita yadda Allah ya jera ta, yumɓu a ƙasa. Ga madaɓi, ga ruwa a tulu. In kun gama zan zuba guga uku a kan kowanne, mu dawo gobe da hantsi. Wanda na tarar da ruwansa a tsaye, shi zan ba diga.